Ina son zama kuku: makaranta zan shiga ko kicin zan fara nema?

Sadiku T/Wada:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar girki da aikin otal daga ciki.

Ni ɗan Tudun Wadan Zariya ne, shekarata 19, na gama sakandare kuma ina da kiredit har a Turanci da lissafi. Mahaifiyata waina take sayarwa da miyar taushe. Ni nake kai niƙa, ni nake haɗa ƙullu, in kuma ba ta jin daɗi ni nake zama gaban tanda. Daga nan son abin ya shiga raina. Yanzu na iya dambun shinkafa, alkubus da funkaso, ina kuma gwada kek a tukunya da yashi tunda ba mu da obin. Burina in zama kuku na gaske irin na manyan otal, in Allah ya buɗa kuma in kafa wurina.

Hanya uku ce a gabana. Ko in cike JAMB in nemi sashen kula da baƙi da girki a Kad Poly, ko in biya kuɗi in yi kwas ɗin wata uku irin wanda ake talla a Instagram a Kano da Abuja, ko kuma in bi wani maƙwabcinmu da ya ce zai iya saka ni a kicin ɗin wani otal a Kaduna, amma a wanke-wanke zan fara. Kuɗin kwas ɗin nan kaɗai ya kusa abin da Umma take samu a wata da watanni.

Sannan ga Baba. Bai hana ni kai tsaye ba, amma ransa ba ya so. Ya ce namiji da ludayi ba abin da za a kira shi sai ɗan daudu, kuma otal ba wurin ɗan mutunci ba ne. Don Allah wanda ya san hanya ya nuna mini.

Baba Kuku:

Wa'alaikumus salam ɗana Sadiku. Allah ya yi maka albarka da taimakon mahaifiyarka. Ni a kicin na tsufa. A Kaduna na fara, zamanin da otal ɗin Hamdala da na Durbar suke tashe, daga baya da Abuja ta fara cika, bayan an buɗe otal ɗin Nicon Noga Hilton a 1987 aka kuma mayar da gwamnati can a 1991, muka bi ayari kamar sauran kukuman Kaduna da yawa. Don haka bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Iya girki daban, sana'ar girki daban. Kai yanzu ka iya girki, ban musa ba. Amma a kicin ɗin otal ba wanda zai tambaye ka ko miyarka ta yi daɗi yau. Abin da ake so shi ne miyar da ka yi ran Litinin ta zama ita ce ta ran Juma'a, gishiri ɗaya, kauri ɗaya, kala ɗaya, ko kana cikin farin ciki ko an ɓata maka rai, ko mutum goma za su ci ko ɗari biyar. Wannan ba a samunsa da “ɗan zuba kaɗan” irin na gida. Da sikeli ake samunsa, da agogo, da takardar da aka rubuta awon komai aka manna a bango. Yaran da na ga sun kasa, yawancinsu ba rashin daɗin hannu ne ya kayar da su ba, raina awo ne.

Kicin kuma yana da tsani, ba a tsallake shi. Tsarin da manyan otal ke bi har yau wani Bafaranshe ne ya daidaita shi, Auguste Escoffier, tun yana riƙe da kicin ɗin otal ɗin Savoy na Landan daga 1890. Can ƙasa akwai masu wanke-wanke da goge-goge. Sama da su komi, wato ƙaramin kuku mai yanke-yanke da shirya kaya. Sai shugaban sashe, wani na miya, wani na gashi, wani na kayan sanyi, wani na burodi da kek. Sai mataimakin shef, sannan babban shef, wanda sau da yawa ma ba ya taɓa tukunya: lissafi yake, da tsara abin da za a dafa, da rigima da mai sito da masu kawo kaya.

To kada ka raina wanke-wanken da maƙwabcinku ya samo maka. Daga bakin famfon nan kana ganin kicin gaba ɗaya. Za ka ga yadda ake riƙe wuƙa, yadda ake shirya komai a yanke a jere tun kafin oda ta fara shigowa, za ka ga katakon yanka kala-kala, ja na ɗanyen nama, shuɗi na kifi, kore na ganye, kuma ranar da ka haɗa su za ka ji tsawar da ba za ka manta ba. Za ka koyi cewa kayan da suka fara shiga sito su ake fara fitarwa. Mafi muhimmanci, za ka san ko jikinka zai ɗauka. Tsayuwa ce tun safe har dare, ga zafin wuta, ga ƙuna a hannu, ga yanka. Ranar Sallah mutane na hawan idi da sababbin kaya, kai kana gaban tukunya, don ranar hutun mutane ita ce ranar aikinka. Da azumi kana ɗauke da ƙishirwa kana suya tun azahar saboda buɗa-baki. Gara ka ɗanɗana wannan kafin mahaifiyarka ta zuba kuɗin wainarta a makaranta.

Amma kada ka tsaya a nan, kuma wannan ita ce maganar da na fi so ka riƙe. Ni ba ni da takarda. Na kai shugaban sashe, na daɗe a nan, ina ji ina gani yaran da na koya wa fere dankali suka zo da babbar difloma suka hau kaina. Ba na jin haushinsu, don sun iya abin da ban iya ba: su zauna gaban kwamfuta su fitar da kuɗin da kowane faranti ya ci, su rubuta rahoto, su yi magana da manaja da Turancin da yake so. Hannu yana kai mutum tsakiyar tsani, daga nan sai da biro. Shawarata: ka karɓi aikin Kadunan yanzu, ka cike JAMB kana ciki, in an ba ka gurbi ka shiga Poly, hutu kuma ka riƙa komawa kicin. Kwas ɗin wata ukun nan ka ajiye shi tukuna.

Batun mahaifinka, ka bi shi a hankali, kada ka yi masa musu. Amma ka duba garinmu da kyau. Wa yake gasa tsire da balangu? Wa yake shanya kilishi? Wa yake buga burodi cikin dare, wa yake soya ƙwai a teburin shayi? Duk maza ne, kuma ba wanda ya taɓa kiran Sarkin Fawa da sunan banza. Da wannan sana'ar na aurar da 'ya'yana, da ita na sauke farali.

Maman Husna, Kano:

Baba Kuku, Allah ya ƙara girma, ka yi bayani. Sai dai da izininka zan ɗan saɓa maka a wuri ɗaya.

Sadiku ƙanena, ba kowa ne zai ƙare a babban otal ba, don guraben ba su da yawa. A Kano ka ƙirga irin su Tahir da Bristol, za ka ga yatsun hannu sun ishe ka. Inda aiki yake ba ya yankewa shi ne biki, suna, walima, taron ofis da ciyarwar azumi. Ni girkin biki nake yi, ban taɓa aiki a otal ba, kuma akwai maza biyu cikin yarana, su ne ma suke riƙe da manyan tukwane da gashin kaji.

Abin da ke karya masu shiga wannan layin shi ne lissafi. Bari in ba ka misali. An ba ka odar mutum 400. In kowane faranti zai ci giram 125 na ɗanyar shinkafa, buhu guda mai kilo 50 ke nan cif. Sabon shiga zai lissafa shinkafa, mai, kayan miya da nama, ya ɗora 'yar riba, ya faɗi farashi. Ya manta gas ko itace, robar zubawa, cokali, leda, kuɗin motar kai kaya, ladan masu yanke-yanke da wanke-wanke, sabulu, ruwan da za a saya wurin 'yan garuwa, da abin da zai ƙone ko ya zube. Ya manta kuma cewa uwar biki za ta ce a ƙara wa dangin ango kula biyu. An tashi biki kowa na yabon abinci, shi kuwa har uwar kuɗinsa ta taɓu. Ƙa'idar da masu gidajen abinci suke bi ita ce kuɗin kayan girki kada ya wuce kamar kashi ɗaya cikin uku na farashin da ka sayar, sauran su ɗauki ma'aikata, wuta, haya da riba. Kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 farashi ya daina zama wuri ɗaya, ni ba na yanke kuɗin bikin da ya rage wata biyu. Ina karɓar kafin alƙalami mai kauri, in sayi abin da ba ya lalacewa a ranar, sauran mu yi ciniki in lokaci ya matso.

Inda na saɓa wa Baba shi ne gajeren kwas. Ba duka ne na banza ba. In abu ɗaya takamaimai kake so, kamar kek ɗin biki ko burodi, wata uku wurin wanda ya ƙware ya fi ka yi ta ɓarnar fulawa kai kaɗai. Amma kafin ka biya ko sisi ka je da ƙafarka ka gani. Obin nawa ne, ɗalibai nawa? Kowa yana kwaɓawa da hannunsa ko malama ce take yi ana ɗaukar bidiyo? Ka nemi waɗanda suka gama ka ji me suke yi yanzu. Wurin da aka fi ba hular shef da hoton yaye muhimmanci, ka riƙe kuɗinka.

Kuma don Allah kada ka yar da abin da ka koya wurin Ummanka ka tafi neman girkin Turawa kaɗai. Masu iya soyayyiyar shinkafa sun cika gari. Mai iya waina mai taushi ta mutum 300, da sinasir, da miyar taushe da ta ji kabewa da gyaɗa, da alkaki da nakiya na gara, shi ake nema da waya.

Abu Hanif:

Ƙanena, ni ta Poly na bi, yanzu ina kula da ɓangaren abinci da abin sha a wani otal a Abuja, don haka bari in cike maka ɓangaren makaranta.

Ƙaramar difloma shekara 2 ce. Bayan shekarar farko akwai SIWES na wata 4, wanda ITF, hukumar horar da ma'aikatan masana'antu, ke kula da shi, za a tura ka wurin aiki na gaske. In ka gama sai ka yi shekara guda ta sanin makamar aiki, sannan ka dawo babbar difloma shekara 2, daga nan bautar ƙasa. Hukumar NBTE da ke Kaduna ita ke tantance waɗannan kwasa-kwasan, don haka duk makarantar da za ka nema ka tabbatar sashen yana da amincewarta. Ban da Kad Poly, akwai sashen a Poly ta jihar Kano da ta tarayya da ke Bauchi. Akwai kuma NIHOTOUR, cibiyar gwamnatin tarayya da aka kafa musamman don horar da ma'aikatan otal da yawon buɗe ido, tana da reshe a Bagauda ta jihar Kano, kuma tana da gajerun kwasa-kwasai. Darussan da ake nema a sakamakonka ka duba su a kundin JAMB na shekarar kafin ka cike, kada ka dogara da mai shagon intanet.

Ka sani ba girki kaɗai za a koya maka ba. Za ka yi karɓar baƙi, gyaran ɗakuna, hidimar tebur, lissafin kuɗi, kula da sito, da kimiyyar abinci. Cikin 'yan ajinmu wasu da niyyar kicin suka shigo, suka ƙare a teburin karɓar baƙi, wasu a sayen kaya, wasu a kicin ɗin asibiti ko makarantar kwana ko kamfanonin da ke dafa wa jiragen sama. Ƙofofin sun fi yadda kake zato yawa.

Darasin da na fi amfana da shi shi ne tsaftar abinci, kuma shi ne abin da koyo a hannu kaɗai ba ya cika bayarwa. Tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin zafi ƙwayoyin cuta suke hayayyafa da sauri, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take cewa dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye a fili: ko ya zauna da zafinsa sama da 60, ko ya shiga firij ƙasa da 5. Kaza sai cikinta ya kai wajen 75. Shinkafa ma da ake ganin ba ta da illa tana ɗauke da wata ƙwayar cuta da dahuwa ba ta gama kashewa, in ta daɗe da ɗumi-ɗumi a kula sai ta farfaɗo. Wani ciwon cikin bayan biki daga nan yake. Otal mai tsari kuma ba zai bari ka taɓa abinci ba sai ka yi gwajin lafiya na masu sarrafa abinci, a duba taifot, ciwon hanta da tarin fuka, kuma ana maimaitawa lokaci-lokaci.

Albashin farawa ba yawa, gaskiya. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun 2024, amma ƙananan wurare da dama ba sa kai wannan. A manyan otal akwai kason kuɗin hidima da ake raba wa ma'aikata, ga abinci a wurin aiki. Ka tambayi wannan tun kafin ka fara. Sannan ka yi hattara da dillalan da ke cewa za su kai ka Saudiyya ko Dubai aikin kuku in ka biya kuɗi. Duk wanda bai nuna maka kwangila a rubuce da bizar aiki ba, ka rabu da shi.

Sadiku T/Wada:

Na gode ƙwarai Baba, Anti da Yaya, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Umma duka, ta ji daɗin maganar Anti a kan waina. Saura abu ɗaya da na san Babana zai tambaya, kuma ni ma yana damuna: giya da naman alade fa? Kuma ana barin mutum ya yi salla a kan lokaci?

Baba Kuku:

Tambaya ce mai kyau ɗana, kuma ba zan ɓoye maka ba. A manyan otal na Abuja da Legas akwai mashaya, akwai alade a abincin safe na Turawa, akwai kuma miyar da ake zuba wa giya. Mashaya sashenta daban ne da ma'aikatanta, kuku ba ya zuwa can. Cikin kicin kuwa, ranar da aka ɗauke ni na gaya wa shef a fili cewa ni Musulmi ne, ba na taɓa alade, ba na girki da giya. Ya ajiye ni a sashen abincin gida da gashi, kuma a nan na yi suna, don duk baƙon da ya nemi tuwon shinkafa da miyar kuka ni ake kira. Wanda ya faɗa tun farko ana girmama shi. Wanda ya yi shiru don kada ya rasa aikin, daga baya ya fara noƙewa, shi ake samun matsala da shi. In wuri ya ce sai ka yi dole, ka bar musu, akwai wani. A Kano da Zariya da Katsina ma yawancin wuraren da za ka nema ba su da wannan matsalar sam. Hukuncin abin a addini kuwa ka zauna da malaminku ka yi masa bayanin aikin dalla-dalla, shi zai ba ka fatawa, ba ni ba.

Salla ba a taɓa hana ni ba, sai dai dabara take so. Azahar tana faɗowa daidai lokacin da odar rana ta yi zafi, magariba kuma lokacin shirin abincin dare. Abin da muke yi shi ne karɓa-karɓa: ka gama shirya sashenka da wuri, abokin aikinka ya riƙe maka wuta minti goma, kai ma ka riƙe masa in zai fita. Abokan aikina Kiristoci sun sha riƙe mini ran Juma'a, ni kuma in karɓi safiyar Lahadi. Wanda aka san shi da zuwa a kan lokaci da tsaftar aiki ba ya rasa mai riƙe masa.

Kada ka je wa mahaifinka da wannan maganar kai kaɗai. Ka nemi kawunka ko wani dattijo da yake jin nauyinsa, ka haɗa da maƙwabcin da ya samo maka aikin, su je tare. A gaya masa sunan otal ɗin, inda za ka riƙa kwana a Kaduna, wurin wa za ka zauna, da ranar da za ka riƙa zuwa gida. A kuma nuna masa takardar JAMB ɗinka a cike, ya ga cewa karatu ne za ka yi har difloma. In zai yiwu ya je da kansa ya ga kicin ɗin, ya gaisa da shef.

Maman Husna, Kano:

Ƙari kaɗan, Sadiku. Tun kafin ka tafi Kaduna ka sayi ƙaramin sikeli da littafi. Gobe in za ku jiƙa shinkafar waina ka auna ta, ka auna yis da sukari da mai, ka rubuta kuɗin niƙa da itace, ka ƙirga waina nawa ta fito da nawa aka sayar. Ka yi haka mako guda, sannan ka kawo mana lissafin a nan, ni da Abu Hanif mu duba maka mu ga nawa Umma take ci a kowane kwano.